Zaɓen rediyon oba-oba na mota wanda ƙarar lantarki ba ta toshe masa kunne

Duk wanda ya shiga shagon kayan sadarwa a Kaduna neman rediyon oba-oba na ɗaurawa a mota, tambaya biyu yake fara yi: wat nawa ne, kuma kilomita nawa yake kaiwa? Mai shago ya san haka, shi ya sa yake nuna masa lambar da ta fi girma a jikin kwali. Sai an ɗaura, an tada inji, an hau titi, sannan ake gane cewa magana tana fita amma amsa ba ta shigowa da kyau. Direba yana jin shuuu, yana jin tas-tas-tas, ga wani siririn fito da ke tashi duk lokacin da ya taka totur, muryar ofis kuwa ta nutse a ƙarƙashi.

Yawan wat wanda ke sauraronka yake taimaka wa. Kai abin da zai taimake ka shi ne kunnen rediyonka, wato ɓangaren da ke karɓar magana, da kuma yadda aka ɗaura shi a motar. A kan wannan kunnen ya kamata kuɗinka su tafi. Na damu da batun ne saboda mutanen da ke dogara da waɗannan na'urori ba wasa suke yi da su ba: motar ɗaukar marasa lafiya, motocin kamfanonin gadi, masu gonaki a hanyar Kachia da Kujama, direbobin tanka, 'yan agaji a wurin taro. Kiran da bai shiga ba a hanyar Birnin Gwari ko ta Abuja ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na farko: ka san ƙarar kafin ka san rediyon

Kowace ƙara da muryarta, kuma wanda ya iya bambance su ya rage wa kansa asara mai yawa. Ba sai ka sayi komai ba tukuna. Ɗauki ƙaramin rediyon jin labarai mai batir, ka sa shi a matsakaicin zango, ka murɗa zuwa inda babu tasha, ka zauna da shi a motar da za a yi wa aikin. Irin wannan rediyon ya fi oba-oba jin ƙara nesa ba kusa ba, don haka kada abin da za ka ji ya firgita ka. Amfaninsa shi ne ya nuna maka masu laifi.

Idan ka ji tas-tas-tas mai ƙara sauri yayin da ka taka totur, kuma ya ɗauke nan take da ka kashe makulli, tartsatsin fulogi ne. Kowane tartsatsi ɗan ƙaramin gidan rediyo ne mai watsa ƙara a zanguna da yawa lokaci guda. Idan kuwa fito ne siriri mai hawa da sauka tare da gudun inji, wanda yake ƙara ƙarfi in ka kunna manyan fitilu ko na'urar sanyaya mota, kuma bayan kashe makulli yake ɗan ci gaba har injin ya tsaya cak, to altaneta ce. Ita wutar da take samarwa mai kai-komo ce, diyod-diyod ɗin cikinta ne ke miƙar da ita, kuma kullum akan samu ɗan saura da bai miƙe ba. Diyod ɗaya ya mutu, sauran nan sai ya yi yawa.

Akwai kuma ƙarar ƙananan injinan lantarki: famfon mai da ke cikin tanki, fankar lagireto, waifa, fankar iska. Tasu kamar ana soya abu take. Ta famfon mai tana da sauƙin ganewa, domin da ka murɗa makulli kafin ka tada inji za ka ji ta na 'yan daƙiƙu sannan ta tsaya. Motar dizal ba ta da fulogin tartsatsi, amma sababbin da kwamfuta ke sarrafa allurar mansu suna da nasu ƙaf-ƙaf ɗin.

Waɗanda suka fi ɓata mini rai a 'yan shekarun nan ba daga kamfanin mota suka zo ba, mu ne muke ƙara su da hannunmu. Cajar waya ta araha da ake cusawa a ramin laita, ƙwan fitilar LED da ake sauya na asali da shi, kyamarar gaban gilashi, inbata ƙarama ta cajin kwamfuta, fitilun ado masu walƙiya. Dukansu suna yanka wuta dubban ɗaruruwan sau a daƙiƙa ɗaya don su rage ko su ƙara ƙarfinta, kuma masu arahar ba a sa musu abin tace ƙara ba. Ƙararsu shuuu ce mai ɗorewa, tana kuma kaiwa har zangon VHF, ɗaya daga zangunan da oba-oba ke aiki a kai, inda fulogi ya fara rauni. Ka kunna su ɗaya bayan ɗaya kana saurare.

Sauran ƙarar ta gari ce, ba ta motarka ba. Wutar ƙasar nan tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, don haka duk inda waya ta saki ko kwalbar falwaya ta tsage, tartsatsi yana tashi kusan sau 100 a daƙiƙa, abin da kunne ke ji kamar ruri mai kaushi. Wanda ke yawan bi ta wajen Mando, inda manyan layukan kilobolt 330 daga Shiroro suke sauka, ko ta ƙarƙashin tsofaffin layukan cikin unguwa, ya san wannan sautin. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan kwalaben, raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta, ƙarar ta ƙaru. Ga masu walda a Panteka, ga injinan masana'antu a Kakuri da Kudenda, ga janareta a ƙofar kowane shago idan an ɗauke wuta, ga babura da keke napep a cunkoson Kawo ko na bakin Kasuwar Gumi, kowanne da fuloginsa. Da damina kuma tsawa tana shiga da nata ƙaras-ƙaras, musamman a gajeren zango.

Mataki na biyu: ta wace ƙofa take shiga

Ƙofa biyu ce kawai: ko ta eriya, ko ta wayar wuta. Wannan bambancin shi zai gaya maka ko matsalar ta rediyo ce ko ta ɗauri. Ka aro rediyo ko ka sa mai shago ya haɗa maka na gwaji. Inji na aiki, ƙara na fita, sai ka cire kebul ɗin eriya daga bayan rediyon. Kada ka danna maɓallin magana a wannan halin, domin aikawa babu eriya tana iya ƙona shi. In ƙarar ta ɗauke, ta iska take zuwa, eriya ce ke kwaso ta. In ta ci gaba, ta wayar wuta take bi. Don ka tabbata, ka mayar da eriya, ka ɗora rediyon a kan wani batir na daban wanda ba ya haɗe da motar. Fiton altaneta yawanci nan take yake ɓacewa.

Ƙarar da ke bin wayar wuta tana da magani mai sauƙi, kuma ba sai ka sauya rediyo ba. Wadda ke shiga ta eriya a daidai zangon da kake saurare kuwa, babu rediyon da zai share ta gaba ɗaya, komai tsadarsa, sai an je an kashe ta a tushenta. Abin da rediyo mai kyau yake yi shi ne ya hana ta wasu zanguna shigowa, kuma kada shi kansa ya ƙirƙiro wata a cikinsa.

Mataki na uku: zango da salon magana

Ƙarar da na'urorin ɗan'adam ke yi tana raguwa ne yayin da zango ke hawa. Ta fi muni a HF, wato megahaz 3 zuwa 30. Ta yi sauƙi a VHF, inda rediyon aiki ke zama tsakanin megahaz 136 da 174. Ta fi sauƙi a UHF, wajen megahaz 400 zuwa 470. Saboda haka wanda aikinsa bai wuce cikin gari ba, daga Rigasa zuwa Barnawa, daga Unguwar Rimi zuwa Sabon Tasha, UHF ya fi masa kwanciyar hankali, ga shi yana ratsa tsakanin gine-gine da kyau, eriyarsa kuma gajeriya ce. Wanda motocinsa ke fita daji da gonaki VHF ya fi masa, don ya fi jure bishiyoyi da tudu da gangare. In kana da wasu rediyoyin tun da, ko akwai rifita da za ka hau, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta don ta kai nesa, to zancen ya ƙare, zangonsu za ka bi.

A VHF da UHF salon FM ake amfani da shi, kuma tun asali don yaƙi da ƙara aka ƙirƙiro shi. Edwin Armstrong ya samu rajistar fasahar a 1933, a 1940 kuma 'yan sandan jihar Connecticut ta Amurka suka fara amfani da oba-oba na FM a faɗin jiharsu, bisa tsarin da Daniel Noble ya zana, kuma tartsatsin fulogin motoci na cikin abin da ya sa aka zaɓe shi. Dalilin shi ne yawancin ƙarar lantarki hawa da saukar ƙarfin sigina ce, shi kuwa FM ba a ƙarfin sigina yake ɗauke da murya ba, don haka rediyon yana aske wannan hawa da saukar ya zubar. Salon AM, irin na rediyon CB a megahaz 27, da salon SSB na HF ba su da wannan gatan.

Sai dai FM yana da wani hali da ya kamata ka sani: yana ɓoye cutarsa. Ƙara tana iya danne kunnen rediyo ba tare da ka ji komai a sifika ba. Abin da za ka lura da shi kawai shi ne motar da da take jin ofis daga Maraban Jos yanzu sai ta shigo Rigachikun.

Na dijital fa? DMR, wanda hukumar ETSI ta Turai ta fitar da ƙa'idarsa a 2005, yana raba tasha mai faɗin kilohaz 12.5 gida biyu, kuma yana gyara kurakuran da ƙara ta jawo kafin ya mayar da su murya. Sakamakon shi ne murya fes babu shuuu har kusan iyakar inda sigina ke kaiwa, daga nan sai ta fara kakkaryewa ta yanke gaba ɗaya. Ga direban da ke wuni da rediyo a kunne, wannan sauƙi ne babba, kuma ina ba da shawararsa ga duk wanda zai kafa sabon tsari. Amma ƙarar tana nan tana cin nisanka, jin ta ne kawai ba ka yi. Ka sayi wanda ke yin dijital da analog, wato FM na yau da kullum, duka, ko don ka riƙa gwaji da analog ɗin.

Akwai kuma oba-oba mai layin waya a ciki. Fulogi da altaneta ba su cika damun sa ba, amma inda babu sabis babu shi. Mutanen jihar nan ba su manta da ƙarshen Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda tsaro har zuwa ƙarshen Nuwamba. Wanda dalilinsa na sayen rediyo shi ne wuraren da waya ba ta shiga, wannan ba nasa ba ne.

HF sai wanda ke son magana daga Kaduna zuwa wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita ba tare da rifita ba. Codan da Barrett na Ostareliya da Icom na Japan su ne sunayen da aka fi sani a wannan fagen. A nan ne yaƙi da ƙara ya fi zafi, ɗaurinsa kuma aikin ƙwararre ne.

Mataki na huɗu: takardar bayanan rediyo

Nan ne ainihin zaɓen yake, kuma nan ne mafi yawan masu saye ba sa dubawa. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a taimaka mini da takardar bayanansa in duba." In babu a kwali, lambar samfurin ta ishe ka ka nemo ta a shafin kamfanin a intanet. Ka wuce sashen aikawa, ka tafi sashen karɓa. Da Turanci ake rubuta su, don haka zan kawo sunayen yadda za ka gan su.

Kafin nan, ka riƙe ma'anar dB, ma'aunin da ake gwada ƙarfin sigina biyu da shi: ƙarin dB 3 ninki biyu ne na ƙarfi, ƙarin dB 10 ninki goma. Daga wat 25 zuwa wat 50 dB 3 ne kacal. Idan ƙwan fitila ya ɗaga ƙarar da ke kunnen rediyonka da dB 10, sai abokin maganarka ya ninka ƙarfinsa sau goma kafin ku koma inda kuke. Da wannan lissafin za ka ga inda riba take.

Layin Sensitivity yana nuna ƙanƙantar siginar da rediyon zai iya ji. Za ka ga abu kamar 0.25 µV a 12 dB SINAD, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi kyau. Kada ka tsaya a nan, domin kusan kowane rediyo na zamani, har mai araha, yana da lamba mai kyau a wannan layin. A ɗakin gwaji shiru ake auna ta, ba a kan titin Ahmadu Bello ba.

Layin Adjacent Channel Selectivity yana nuna yadda yake ture maganar tashar da ke maƙwabtaka da taka. A tasha mai faɗin kilohaz 12.5 kada ka karɓi ƙasa da dB 60, a mai faɗin 25 kuma ƙasa da dB 70.

Layin Intermodulation shi na fi ba muhimmanci ga mai aiki a cikin gari. Idan sigina biyu masu ƙarfi suka shiga rediyo tare, sukan cakuɗu a cikinsa su haifi ta uku wadda babu ita a iska. Misali, wani yana aikawa a megahaz 155, wani a 160: ninka na farko ka cire na biyu, ka samu 150. In kana saurare a 150, za ka ji gutsuttsuran muryoyi da ƙara alhali babu mai magana a tasharka. Ƙa'idar Turai ta EN 300 086 tana neman dB 65 ga rediyon mota, na aiki masu kyau kuwa sukan kai 75 ko fiye idan an auna su da ƙa'idar Amurka ta TIA-603. Ka lura da wace ƙa'ida aka rubuta a gefen lambar, kada ka gwada lambar wannan da ta waccan. Sai Spurious Rejection, dB 70 zuwa sama, da Blocking in an kawo shi, dB 84 zuwa sama. Shi Blocking yana nuna juriyarsa idan ka bi ta kusa da hasumiya mai ƙarfi, kuma Kaduna garin gidajen rediyo ne, tashoshin FM tsakanin megahaz 88 da 108 suna watsawa da dubban wat.

Takardar da ta kawo wat da yawan tashoshi da launin allo amma ta yi shiru a kan waɗannan layukan, shirun nata amsa ce.

Abin da ke haifar da bambancin shi ne ginin ciki. Rediyon aiki na gaske yana da matatai a bakin eriya waɗanda ba sa barin komai ya wuce sai zangon da aka gina shi dominsa, yawanci kuma yana sauko da siginar hawa biyu yana ƙara tace ta a kowane hawa, tsarin da takarda ke kira double conversion superheterodyne. Masu arahar da yawa guntun cif ɗaya ne ke yin komai, bakin eriya a buɗe. Kamar zaure ne marar ƙyaure a bakin kasuwa, duk mai wucewa sai ya leƙo. A ƙauye shiru za su yi maka aiki lafiya, amma da ka haɗa su da eriyar mota mai kyau ka shigo gari sai su kurumce. Don haka nake guje wa rediyon da ke alfaharin yana kama komai, VHF da UHF da tashoshin labarai da na jiragen sama. Zango ɗaya, an tace shi da kyau, ya fi. Misalan ajin da nake nufi su ne Motorola DM1400 da DM4600, Hytera MD785, Icom IC-F5023 na VHF da IC-F6023 na UHF, da jerin TK da NX na Kenwood. Araha ba ta ado, amma na hannu daga wannan ajin, in lafiyarsa ƙalau, ya fi sabo fil daga wancan.

In na hannu za ka saya, ka duba takardar da ke manne a bayansa ka tabbatar yankin zangonsa ya ƙunshi naka, don UHF ɗin wasu ƙasashe daga megahaz 450 yake farawa. Ka tabbatar akwai mai kebul da manhajar saita shi a gari, kuma ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Jabu ma suna yawo da sunayen manyan kamfanoni. Jikin ƙarfe mai nauyi alama ce mai kyau, yana tare ƙara yana kuma zuƙe zafin watan Maris da Afrilu. Alamar IP54 tana nufin an yi masa tanadin ƙura da fantsamar ruwa.

Mataki na biyar: maɓallan rage ƙara

Mai shago zai nuna maka su, don haka ka san aikin kowanne. NB yana toshe kunnen rediyo na ɗan ƙiftawa duk lokacin da tartsatsi ya buga. Yana maganin fulogi sosai a HF da CB, amma ba ya taɓa fiton altaneta ko shuuu ɗin caja, kuma in akwai tasha mai ƙarfi kusa yakan ɓata murya. ANL na AM ne, yana aske kan ƙarar da ta yi tsini. NR ko DNR kwamfutar ciki ce ke rage shuuu a bayan murya, tana hutar da kunne, in an cika ta kuma murya ta koma kamar daga cikin rijiya. A rediyon FM na VHF da UHF ba ka cika ganin NB ba, kuma rashinsa ba aibi ba ne.

SQL da CTCSS da DCS ba sa rage ƙara ko kaɗan. Sifika kawai suke rufewa har sai maganar da ta dace ta zo. Wanda ya ƙure SQL don ya huta da ƙara ya rufe ƙofa ne ga motarsa da ta fi nisa, wadda ita ce ta fi buƙatar a ji ta. Makirfo mai rage hayaniya kuma hayaniyar iska da inji da hon yake ragewa, babu ruwansa da lantarki.

Mataki na shida: gwaji kafin biya

Gani ya kori ji. Ka nemi yarjejeniyar gwaji ko da ta yini ɗaya ce, a motarka, ba a teburin shago ba. Ka sa wani ya tsaya da rediyon hannu a ƙaramin ƙarfi a nesa, inda muryarsa ke shigowa da ɗan shuuu. Sigina mai ƙarfi tana rufe kowane aibi, mai rauni ce ke tona asiri. A salon analog, SQL a buɗe, ka saurare shi inji a kashe. Ka tada inji. Ka taka totur. Ka kunna fitilu, fanka, waifa, ka cusa caja. Duk inda muryar ta nutse, ka rubuta. Sannan ka kira shi kai ma, ka tambaye shi ko yana jin fito a bayan muryarka, domin altaneta takan hau maganar da kake aikawa alhali kai ba ka ji.

Bayan haka ka zaga da motar: ƙarƙashin babban layin wuta, kusa da hasumiyar gidan rediyo, cikin cunkoso. In rediyo biyu kake gwadawa, eriya ɗaya da waya ɗaya za ka ba su, a wuri ɗaya.

Mataki na bakwai: ɗauri

Rediyo mai kyau da ɗauri marar kyau asarar kuɗi ce. Ka tsaya a kan mai wayarin motar, ka ce, "Maigida, daga batir nake son a ja wutar kai tsaye." Ramin laita da wayoyin ƙarƙashin sitiyari ba su dace ba, siraran wayoyi ne kuma duk ƙarar motar tana cikinsu. Rediyon wat 25 zuwa 50 yana jan amfiya kusan 8 zuwa 14 lokacin magana, don haka a sa wayar tagulla zalla mai kaurin murabba'in milimita 4 zuwa 6, da fis dab da batir, girman da littafin rediyon ya faɗa. Baƙar wayar a ɗaure ta a jikin mota kusa da inda ta batir take ɗaure, a kankare fenti har ƙarfe ya fito. A sababbin motoci masu na'urar auna wuta a kan batir wannan wajibi ne. In dole sai an kai ta kan batirin, a sa mata nata fis ɗin, saboda ranar da babbar wayar da ke haɗa inji da jiki ta saki, wutar sitata tana iya bi ta cikin rediyon. A murɗa ja da baƙar tare, a nisanta su da kwayil da wayoyin fulogi da kwamfutar mota.

Babbar mota mai bolt 24 tana buƙatar na'urar sauko da wuta zuwa 13.8. Kada a saci wuta daga batir ɗaya cikin biyun, yana kashe su. Kada kuma a sayi na'urar araha, don ita kanta za ta zama tushen ƙara a gefen rediyon.

In har yanzu ana jin fito, a fara auna altaneta, a gyara diyod in ya mutu, a tsaftace kan batir, sannan a sa filtar wuta kusa da rediyon, wadda ta fi ƙarfin amfiyar da yake ja. Fulogi a sa mai resista, a lambobin fulogin kamfanin NGK harafin R ne ke nuna shi, kamar BKR6E, amma a bi lambar da ta dace da injin. Wayar fulogi da ta tsage a sauya. Bonet da salansa da murfin but a haɗa su da jikin mota da gajeriyar saƙaƙƙiyar waya mai faɗi, domin salansa tana rataye ne a kan roba, sai ta zama eriyar watsa ƙarar inji. Zoben ferait, wanda ake maƙala wa waya don ya tare ƙara, a kan wayar caja ko ta fitila, dab da na'urar, yana taimakawa, amma sau da yawa jefar da cajar a sayi ta kirki ya fi sauri.

Eriya a tsakiyar rufi, nesa da inji, ƙarfe kewaye da ita ta ko'ina. Huda rufi a ɗaura ta da gindin da ke taɓa ƙarfe ya fi mai maganaɗisu, ya kuma fi maƙala ta a gefen bonet inda take shan ƙarar inji kai tsaye. Mai tsawon rubu'in zango a megahaz 150 kusan santimita 48 ce, a 450 kuma kusan 16. Kebul ya zama mai om 50 irin RG-58 mai saƙa cikakkiya, ba na dish mai om 75 ba, kuma kada a yi masa gami a tsakiya. A auna SWR, ma'aunin dacewar eriya da rediyo, bayan ɗauri, ƙasa da 1.5 ya yi kyau, in ya haura 2 a nemi dalili kafin a fara aiki.

Tun kafin duk wannan ka fara neman izinin zango, don shi ne zai tabbatar maka da VHF ko UHF. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar da ke raba zanguna a ƙasa, hukumar sadarwa ta NCC ce ke kula da na kasuwanci da amincewa da samfurin na'urori, ma'aikatar sadarwa ta tarayya kuma da waɗanda ba na kasuwanci ba. Zangon da aka ba ka a rubuce shi ne wanda za ka iya kai ƙara idan wani ya hau, wanda kuwa ya ɗauki lamba da ka yana iya faɗawa kan na jami'an tsaro. Ka ajiye kwafin takardar a kowace mota saboda shingayen bincike.

A rana ta farko ka rubuta wani wuri mai nisa da motar ke jin ofis daga can, da ƙarfin siginar da allon ya nuna in yana nunawa. Duk lokacin da aka sauya ƙwan fitila, ko altaneta, ko direba ya zo da sabuwar caja, a koma wurin a sake gwadawa da inji a kashe da kuma a kunne.